A Wuyan Wa Baiwa Take?

A fadarmu ta shayi, can gefen tsohuwar ganuwar Birni a Damagaram, na fara ganin fim ɗin. Bazara ce, wuta ta ɗauke tun magariba, ɗaki ba ya shiguwa, kowa ya fito da tabarmarsa. Wani tsohon ɗalibina ya zo da kwamfutarsa ta hannu, muka ɗora ta kan benci, mu takwas muka yi mata zobe, buta na tafasa kan gawayi. Fim ɗin Indiya ne mai suna 3 Idiots, wato sakarkaru uku, wanda Rajkumar Hirani ya ba da umarni, ya fito a watan Disamba na 2009. Labarin samari uku ne a wata babbar makarantar injiniyoyi a Delhi, irin wadda sai yaro ya doke dubbai kafin ya samu kujera a cikinta. Farhan ubansa ne ya yanke masa zama injiniya tun ranar da aka haife shi, alhali ransa na wajen ɗaukar hoton namun daji. Raju ɗan talakawa ne, uba na kwance ba ya motsi, ƴar'uwa ta rasa miji don babu kayan aure, gidan duka ya rataya a wuyansa, tsoro ya sa ya cika yatsunsa da zobban neman sa'a. Na ukun, Rancho, wanda Aamir Khan ya fito a matsayinsa yana da shekara 44, shi ne mai baiwar. In ya ga inji, ba ya samun natsuwa sai ya kwance shi ya ga cikinsa.

Mun yi dariya har da hawaye. A daren da tsofaffin ɗalibai suka zo cin zalin sababbi, Rancho ya haɗa cokali da wayar lantarki ya turo ta ƙarƙashin ƙofa, wanda ya zo yi masa fitsari a bakin ɗaki ya sha jan wuta, domin ruwa mai gishiri yana ɗaukar lantarki. Na shekara ashirin ina koyar da fizik a lise, kowace shekara sai na yi wannan darasi a allo, ban taɓa ganin ya shiga kan mutane kamar yadda ya shiga a daren nan ba.

Fim ɗin ya kusa awa uku, cajin kwamfuta kuwa bai kai mu rabi ba ya mutu. Abokina, wanda tun muna ƴan lakwal ake ce masa Injiniya, ya tashi bai ce uffan ba ya hau babur. Jim kaɗan ya dawo da batirin mota ɗaure a baya da wani ɗan akwatin katako da ya ƙera da hannunsa daga tarkacen tsofaffin rediyo da wayar tagulla da ya naɗa da kansa, abin da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Ya jona, hoto ya dawo. Saboda haka da aka zo wurin da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, wuta ta ɗauke, mace na naƙuda kan teburin wasa a cikin makaranta, ɗalibai suka kwaso baturan motoci suka haɗa da irin wannan akwati na Rancho, suka mai da injin zuƙar ƙura abin jawo jariri, sai fada ta kaure da sowa, kowa na nuna Injiniya. Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Murmushin bai kai ƙarshen fim ba. A can ne ake gane cewa Rancho ya zama babban masani a tsaunukan Ladakh, mai ƙirƙire-ƙirƙire 400 da aka yi wa rajista da sunansa, har abokin gabarsa Chatur, wanda ya yi karatu don kuɗi da muƙami, ya koma yana bin sa a guje don neman sa hannunsa. Darasin da aka yi ta nanatawa tun farko ya tabbata ke nan: ka nemi ƙwarewa don ita kanta, nasara za ta biyo ka da ƙafarta. Da muka kama hanyar gida, yana tura babur ina riƙe masa akwatin, sai ya ce, “Malam, fim ya yi kyau. Amma ƙarshen nan ba a garinmu aka yi shi ba.”

Na san abin da yake nufi, domin benci ɗaya muka zauna da shi shekara bakwai. Lissafin da nake kwana a kansa, shi kafin mushe ya gama rubuta tambaya ya ga amsa, wani lokaci ta hanyar da ba ta cikin littafi. Ya ci jarrabawar bak da sakamakon da ya fi nawa nesa ba kusa ba. A lokacin babu jami'a a Damagaram, sai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Cikin daminar shekarar mahaifinsa ya rasu, ya bar mata biyu da ƙanne bakwai, shi ne babba. Ni na hau mota na tafi, shi ya buɗe rumfar gyaran rediyo kusa da kasuwar Dole. Yau yana gyaran wayoyi da injin ban ruwa da fanon hasken rana, yana ci da iyalinsa cikin rufin asiri, amma in wata ya yi nisa yakan nemi rancen jika biyar. Bai taɓa neman ilimi don a ce da shi wani abu ba. Ya so shi kamar yadda Rancho ya so shi, watakila ma fiye, tunda shi babu mai kallonsa. Nasarar da fim ya yi alkawari kuwa ba ta biyo shi ba.

Tambayar da ta hana ni barci ke nan. In Allah ya zuba wa bawa ƙwaƙwalwa irin wannan, sannan ta ƙare a rumfar kwano tsakanin matattun batura, me ya faru? Baiwar ce ta tashi a banza? Ko shi ne ya gaza? Ko kuwa akwai wanda za a tambaya?

Ranar wata Juma'a na kai maganar gun kawuna, alaramma ne mai tsangaya a wani ƙauye kan hanyar Mirya. Na tarar yana duba allunan gardawa a inuwar bedi. Na ba shi labarin fim a taƙaice, na ce, “Allah ya gafarta Malam, ashe ba gaskiya ba ne cewa wanda ya riƙi ilimi tsakani da Allah, duniya za ta zo masa?” Bai ɗago daga allon ba ya ce, “Ɗana, wa ya ce maka arziki ladan ilimi ne? Wanda ya yi wannan iƙirari a cikin Littafi ai ƙasa ce ta haɗiye shi da shi da gidansa.” Ƙaruna yake nufi, wanda labarinsa ke cikin Suratul Ƙasas, mutumin da ya danganta tarin dukiyarsa ga sanin da yake da shi. Sannan ya tuna mini hadisin nan da ke cikin Sahihu Muslim, na mutum uku da za a fara yi wa hisabi, ɗayansu malami ne da ya yi karatu don a kira shi malami, aka kuwa kira shi, ladansa ya ƙare a nan.

A kan hanyar komowa na ga inda fim ɗin ya yi tuntuɓe. Awa biyu da rabi yana koya mana gyaran niyya, yana cewa a bar karatu don takarda da albashi, kuma a nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Amma da ya tashi kafa hujjar cewa niyyar Rancho ce daidai, sai ya rasa abin da zai nuna mana in ba arziki da suna ba. Ma'aunin Chatur ɗin dai aka ɗauko aka auna Rancho da shi, aka ce ya fi nauyi. Da a ce an tarar da shi a Ladakh yana koyar da yara talatin cikin tsohuwar riga, babu rajistar ƙirƙira ko ɗaya, da ƴan kallo sun fita suna cewa Chatur ya yi gaskiya. Wannan tunani yana da haɗari ga yaranmu, domin in arziki ne shaidar baiwa ta gaskiya, to talaucin abokina ya zama shaida a kansa. Ni kuwa na ga aikin hannunsa, ba zan yarda da wannan hukunci ba. Mu da muka tashi da sanin cewa rabo daban, ƙoƙari daban, bai kamata fim ya ruɗe mu a nan ba. Abin da hadisin Tirmizi ya ce za a tambayi bawa game da iliminsa shi ne me ya aikata da shi. Nawa ya tara da shi, wannan tambayar dukiya ce, kuma ita ma ta inda aka samo da inda aka kashe ake bi.

Akwai wani wuri da ƴan fada suka fi yi wa dariya, ni kuma ya tsaya mini a rai. Chatur ya haddace jawabi da harshen Hindi, wanda bai iya sosai ba, aka sauya masa wasu kalmomi da na batsa, ya hau mumbari ya zuba su gaban manyan baƙi bai san me yake faɗa ba. Wani matashi a cikinmu ya ce ai haka karatun allo yake. Ban yarda ba, har yau kuma ban yarda ba. Na ga kawuna ya rubuta Alƙur'ani da ka, shafi bayan shafi, da alƙalamin gamba da tawadar da ya dafa, ya san sau nawa kalma kaza ta zo da wasali kaza da inda ta saɓa. Wannan horon ƙwaƙwalwa ne da ƴan lise kaɗan za su iya jurewa, kuma a tsarin malamanmu hadda ƙofa ce, bayanta ake shiga littattafai. Chatur na gaskiya a ajina nake ganinsa. Yaro zai karanto maka dokar Ohm da Faransanci babu kuskure ko ɗaya, ka miƙa masa tocilan da ta mutu ya rasa ta inda zai fara, saboda an ba shi kimiyya cikin harshen da ba ya mafarki da shi, bai kuma taɓa riƙe waya da hannunsa ba. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da aka haifa a 1929, masanin fizik da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi wannan kuka tun 1964 a littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu. Ranar da na fara bayyana wa aji tafiyar lantarki da Hausa, ina kwatanta ta da ruwa cikin tiyo, yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suka ɗaga hannu.

Sai dai abin da ya fi komai buɗe mini ido shi ne sirrin da fim ya ɓoye sai can tsakiya. Rancho ba sunansa ba ne. Maraya ne, ɗan mai kula da lambun wani attajiri. Attajirin ya ga yaron na da kai, sai ya biya masa karatu da sharaɗin ya yi shi da sunan ɗansa, in an gama takardar ta zama ta ɗan. Fim ya wuce wannan da sauri, kamar wata dabara mai ban sha'awa. A wurina ha'inci ne, domin takardar makaranta shaida ce, wanda ya riƙe ta ba tare da ilimin ba yana yawo da shaidar zur. Amma a ƙarƙashin ha'incin akwai gaskiyar da ta shafe mu: duk baiwar Rancho, da babu aljihun da ya ɗauke shi, da a lambu zai tsufa. Bambancinsa da abokina bai wuce wannan ba. Shi ya samu mai biya, ko da da mugun nufi. Abokina bai samu ba, ko da mai kyakkyawan nufi.

A nan ne maganar Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ta zo mini da sabuwar fuska. A farkon littafinsa Ihya'u ya sa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wato aikin da in wasu suka yi ya sauka daga kan kowa, in kuwa aka rasa mai yi, gari duka ya ɗau zunubi. Har ya yi ƙorafin garuruwan da suka cika da masu fiƙihu alhali babu likita Musulmi ko ɗaya. Mun saba jin farillar kifaya a kan sallar gawa, shi ya sa ko baƙo ya mutu a tasha ba a rasa masu sallatarsa. Ban taɓa jin an tashi a masallaci an ce ga yaro mai kan lissafi zai bar karatu saboda mahaifinsa ya rasu, a taru a sauke farilla ba.

Kuma ba a rasa bukata ba. Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san layin jarkoki masu ruwan ɗorawa a bakin famfo tun kafin asuba, ya san ƴan garuwa da kurarsu, ya san yadda kuɗin jarka ke hawa in zafi ya tsananta. Garin a kan dutse yake zaune, ga manyan duwatsun nan a tsakiyar Birni kowa na gani, ƙasarsa ba ta riƙe ruwa, sai an jawo shi daga nesa, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Gari irin wannan, sanin ƙarƙashin ƙasa da sanin famfo da sanin wutar rana farilla ne a kansa kamar yadda wankan gawa yake. To in Allah ya aiko wa garin da yaron da zai iya wannan ilimi, ai ya aiko da abin sauke farillar ke nan. Mu da muka ga ya buɗe rumfa muka ce Allah ya sa albarka muka wuce, har da ni da na hau mota, ban ga yadda za mu ce ƙaddara ce kawai mu wanke hannu ba. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta taɓa zama uzurin barin gawa a titi ba. A lokacin, kuɗin da zai riƙe gidansu shekara huɗu bai fi ƙarfin attajiri ɗaya na unguwar Zango ba, bai ma fi ƙarfin masallacin unguwa ba in an haɗa hannu. Babu wanda ya yi mugunta. Tunanin ne bai zo wa kowa ba, domin ba a koya mana ganin baiwar ɗan wani a matsayin amanar da aka ajiye a gari ba.

Ba na cewa duk wanda ya ɗauki nauyin mai baiwa ya yi daidai. Akwai wani tsohon fim na Amurka, Real Genius, na 1985, wanda Martha Coolidge ta ba da umarni, shi ma na barkwanci ne a kan haziƙan ɗaliban kimiyya. Malaminsu ya sa su ƙera haske mai ƙarfin ƙuna, su suna ganin wasan ƙwaƙwalwa ne, ashe ya riga ya yi cinikinsa da hukumar leƙen asiri don a riƙa kashe mutum daga sama. Da suka gane sai suka karkatar da hasken zuwa gidan malamin da suka ajiye wa tulin masara, gugguru ya fasa gidan. Mu ma tarihinmu ya san wannan. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, kuma a zamaninsa maƙera suka zuba igwa a nan cikin gari, aka haɗa albarushi. Ina alfahari da waɗannan maƙera, ina kuma yawan tunanin irin kan da ya gano yadda za a narka ƙarfe a zuba shi ya jure fashewa ba tare da makaranta ba. Sarauta ta ga baiwarsu ta riƙe ta hannu biyu. Amma ƙarfin da ya tsare Damagaram shi ne kuma ya kamo mutane daga ƙauyuka aka kora su arewa cikin ayarin bayi, tare da fatu da gashin jimina. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Dawuda da aka tausasa masa ƙarfe, abin da aka koya masa ya yi da shi kuwa sulke ne, abin kare jiki. Mai baiwa ma yana da tasa tambayar, ta wanda ya miƙa wa hannunsa. Abdu Mumuni ya miƙa nasa ga rana: daga 1969 ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, yana neman yadda zafin da ke ƙona mu zai dafa abinci ya ɗumama ruwa ya juya inji.

Yanzu akwai jami'a a garin, tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan Damagaram da ya rubuta tarihin masarautar. Matatar mai ta SORAZ tana aiki tun 2011 a arewa da gari. Yaro mai kai ba dole ne ya yi tafiyar kwana guda kafin ya ga ɗakin gwaji ba. Amma har yanzu kowace shekara ina rasa ɗaya ko biyu daga sahun gaba na ajina, yarinya a yi mata aure kafin bak, yaro ya bi motar Agadas ko ya hau kabu-kabu. Na fara zuwa gidajensu. Wani uban yakan saurare ni, wani yakan ce, “Mushe, in ka ɗauke shi wa zai ciyar da mu?” Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba ni da amsarta ni kaɗai. Mu shida a fada muka fara ajiye jika guda-guda duk wata a hannun mai shayi, yanzu yaro ɗaya muke riƙe da shi.

A watan jiya na roƙi Injiniya ya zo ajina da akwatinsa. Ya yi ta ƙi, yana cewa shi da ba shi da takarda me zai gaya wa ƴan lise. Da ƙyar ya zo, cikin wankakkiyar rigarsa ta Juma'a. Ya kwance murfin akwatin a kan tebur, yara suka taso suka kewaye shi, ya nuna musu naɗin waya na farko da na biyu, ya sa suka ƙirga zagayen da bakinsu, sannan ya ɗauki alli, karo na farko cikin shekara ashirin da biyar, ya fitar da lissafin a allo da Hausa. Hannunsa na rawa a layin farko, a na biyu ya daina. Wata yarinya daga bencin baya ta tambaye shi me ya sa akwatin ke ɗumi in ya daɗe yana aiki, ina wutar da ta zama zafi take tafiya, kuma ba a iya rage ta? Ya tsaya yana kallonta. Ya ce, “Ƴata, wa ne ne babanki?” Ta faɗa masa, har da unguwarsu. Ya ce ta nemi izini a gida, ranar Asabar ta zo rumfa tare da yayanta, akwai wani naɗi da ya daɗe yana son gwadawa bai samu mai riƙe masa ɗaya bakin wayar ba.